Daga Maƙogwaro Zuwa Ido

 

Idan hunturu ya sauka a Dutse, mun san yadda aji yake komawa: ƙura, tari, yara cunkushe a kan tabarma ɗaya. Yaro ya ce maƙogwaronsa na ciwo, mu ce ya sha ruwan ɗumi. A gida kuwa sai a kira wanzami ya cire beli.

Wani ciwon maƙogwaron ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma fenisilin na kashe ta. In aka bar ta, bayan mako 2 zuwa 3 garkuwar jiki kan juyo ta far wa jikin da take karewa. Likitoci na kiran wannan zazzaɓin rumatik, kuma ya fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15, wato ɗalibanmu. Ciwo yakan riƙa yawo daga gwiwa zuwa idon sawu. Wani yaron hannunsa ya riƙa fizga, rubutunsa ya lalace, mu kuwa mu ɗauko bulala. Allah ya yafe mana.

Babbar ɓarnar a zuciya take, inda marafan da ke tsare hanyar jini ke lalacewa. Daga nan abin ke kai wa ga ido. Ba kasafai yake faruwa ba, amma gudan jini kan ɓalle daga zuciyar da ta lalace, ya toshe jijiyar da ke kai jini ido. Sai gani ya ɗauke farat ɗaya a ido guda, babu zafi, babu ja. Wani lokaci ya dawo bayan 'yan mintoci, a ɗauka jiri ne. Wannan ba abin kwalli ba ne, ba kuma na jiran gobe ba. Asibiti za a nufa nan take, kamar na Rasheed Shekoni, a kuma ce wa likita ya duba zuciya.

Yaron da ya taɓa yin wannan zazzaɓi yana buƙatar allurar fenisilin duk bayan mako 3 ko 4, shekara da shekaru. Mu rubuta ranar allurarsa a gefen rajista, mu sallame shi da wuri, ko da ranar jarrabawa ce.