Annabawa Ɗari Huɗu da Mutum Ɗaya

(Jawabin da aka gabatar wa dattawan ikilisiya, masu bishara da shugabannin zumunta)

Iyayena dattawa, abokan aikina fastoci da masu bishara, iyayenmu mata na zumunta da shugabannin matasa, sannunku da hanya. Na san waɗansunku sun baro amfanin gona a masussuka ba a gama ba, waɗansu kuma tun asuba suke kan babur. Ubangiji ya sāka muku.

An ba ni kan magana biyu: wa'azin gaskiya ko da ba ta da daɗin ji, da kuma nazarin Littafi Mai Tsarki na kowane mai bi shi kaɗai. Da na zauna shiri sai na ga ba su rabuwa. Ikilisiyar da ba ta karanta Maganar Allah a gida ba za ta iya jimre wa mai wa'azin gaskiya ba, ba kuwa za ta gane na ƙarya ba idan ya zo.

Ku buɗe 1 Sarakuna sura 22, ku riƙe wurin. Ahab sarkin Isra'ila yana so ya ƙwato Ramot-gileyad daga hannun Suriyawa, ya roƙi Yehoshafat sarkin Yahuza ya taya shi. Yehoshafat ya yarda, amma ya ce a fara neman nufin Ubangiji. Sai Ahab ya tara annabawa wajen 400, dukansu suka ba shi amsa ɗaya, cewa ya tafi, nasara tasa ce. Ɗaya daga cikinsu, Zedekiya, har ƙahonin ƙarfe ya ƙera ya zo da su don ya nuna yadda sarki zai tunkuyi abokan gaba. Duk da haka hankalin Yehoshafat bai kwanta ba, ya tambaya ko akwai saura. Ahab ya amsa cewa akwai wani Mikaiya ɗan Imla, amma ya tsane shi domin bai taɓa yi masa annabcin alheri ba. Manzon da aka aika ya kira Mikaiya ya ba shi shawara a hanya, cewa bakin kowa ya zo ɗaya, shi ma ya bi sahu. Mikaiya ya ƙi. Ya gaya wa sarki ya ga Isra'ila a warwatse kamar tumakin da suka rasa makiyayi. Ladansa shi ne mari daga Zedekiya, da kurkuku, da ɗan abinci da ruwa na wahala. Ahab ya ɓad da kama ya shiga yaƙi, wani soja ya harba kibiya ba da nufin kowa ba, ta same shi a mahaɗin sulke, da yamma ya mutu.

Abin da nake so ku lura da shi, waɗannan 400 ɗin da sunan Ubangiji suka yi magana. Wanda yake tsaye a ƙofar Samariya ran nan, in ba ya san Allah da kansa, da ƙidaya zai yi hukunci: mutum 400 a nan, mutum ɗaya a can. Ahab kuwa a zuciyarsa ya san mai gaskiya, shi ya sa da Mikaiya ya fara yi masa ba'a da amsa irin ta sauran, nan take ya gane, ya rantsar da shi ya faɗi gaskiya. Mutum ne mai sanin inda gaskiya take, ba ya dai son ta shigo fadarsa.

To, mu zo gida. Yawancin ikilisiyoyinmu ƙanana ne. Akwai inda ran Lahadi mutum arba'in ne, akwai inda gida biyar ne kaɗai masu bi a ƙauye duka. Abin da fasto ko mai bishara zai ci daga baikon waɗannan mutane yake fitowa, da zakkar hatsi a kaka. A irin wannan wuri gwaji biyu ne suke jiran mai wa'azi. Na fari shi ne tsoron kada a rasa ko mutum ɗaya, balle wanda ya saya wa majami'a kwano. Na biyu ya fi wayo, shi ne mu riƙa faɗin gaskiyar da ta shafi na waje kawai. Mu yi wa'azi a kan filin da aka hana mu ginin majami'a, da wahalar da 'ya'yanmu suke sha wajen neman takardar shaidar asali, da rashin malaman darasin addinin Kirista a makarantu. Waɗannan abubuwa suna faruwa, ya kamata kuwa a faɗe su a gaban waɗanda suke da ikon gyarawa, ni ma na sha faɗa. Amma a cikin majami'a ba su da tsada, gama kowa zai ce amin, wanda ake magana a kansa ba ya nan. Gaskiya mai tsada ita ce wadda mai ita yake zaune a benci na gaba, kuma shi ne zai sa hannu a takardar albashinka.

Bari in ba ku labarin kunyata. A ikilisiyar da na fara aiki bayan na fito makarantar tauhidi, akwai wani dattijo, Allah ya ba shi rumbuna. Idan damina ta yi tsakiya, abinci ya ƙare a gidaje, yakan ba da buhun dawa ɗaya a biya shi biyu da kaka. Wanda ya kasa, bashin ya hau na baɗi, a ƙarshe gona ta shiga jingina. Gonaki uku na 'yan ikilisiya suna hannunsa sa'ad da na zo, ɗaya ta gwauruwa ce. Kowa ya sani. Ni ma na sani, amma duk kaka buhu biyu sukan iso gidan fasto daga wurinsa, kuma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shekara biyu ina wa'azi a kan shan burkutu, da zuwa wurin boka, da makara a sujada. Ban taɓa kusantar wannan ba. Ina gaya wa kaina wai ina jiran lokacin da ya dace.

Wata rana da yamma sai ga wata tsohuwa ta yi sallama. Ba ta yi boko ba, a ajin yaƙi da jahilci na zumuntar mata ta koyi karatu, da yatsa take bin layi. Ta zauna a tabarma ta buɗe Littafinta da ta naɗe a ɗankwali, ta ce, "Malam, na iso wani wuri a Nehemiya, ban sani ba ko idona ne. Karanta mini." Sura 5 ce. Na karanta mata yadda talakawan Yahuza suka yi kuka saboda sun jinginar da gonakinsu da gidajensu don su sami hatsi a lokacin yunwa, har 'ya'yansu suna shiga bauta, kuma masu karɓar jinginar 'yan'uwansu ne Yahudawa. Na karanta yadda Nehemiya ya husata, ya yi tunani, sa'an nan ya tsawata wa manya, ya sa suka mayar da gonakin. Da na gama ta ce, "Ashe yana ciki. Na ɗauka ba ya ciki ne, shi ya sa ba ka taɓa faɗa ba." Ta naɗe Littafinta ta tafi.

'Yan'uwa, na yi shekara huɗu ana koya mini fassarar Nassi, na san wannan sura, har jarrabawa na rubuta a kan littafin. Amma wadda take haɗa baƙi da ƙyar ita ce ta zama Mikaiya a gare ni. Daren nan ban yi barci ba.

Ban hau bagadi ran Lahadi na yi habaici ba, ko da yake abin da zuciyata ta fara raya mini ke nan. Na tafi gidan dattijon da dare, na ce, "Baba, na zo da magana mai nauyi, kuma laifina ya riga naka, domin na ci hatsinka na yi shiru." Muka karanta surar tare. Bai ji daɗi ba ko kaɗan. Wata huɗu bai taka majami'a ba, buhunan nan biyu kuma ba su ƙara zuwa ba, matata ce ta san yadda muka ƙarasa wannan shekara. Daga baya ya komo, ya mayar wa gwauruwar gonarta. Sauran biyun bai mayar ba har aka yi mini canjin wurin aiki. Ina faɗin wannan don kada wani ya ɗauka duk wanda ya faɗi gaskiya zai ga amfaninta da idonsa. Mikaiya ma, Littafi bai gaya mana ya fito daga kurkuku ba.

A nan sai in ja kunnen abokan aikina, musamman matasa. Akwai masu wa'azi da suke ɗaukar zafin baki a matsayin aminci. Mutum ya ji tsegumi ran Alhamis, ran Lahadi ya mai da shi wa'azi, kowa na waiwayen wanda ake nufi. Wannan tsoro ne ya sa rigar jarumtaka, gama a kan bagadi ba wanda zai mayar maka da magana. Natan wurin Dawuda ya tafi ido da ido, kamar yadda 2 Sama'ila 12 ta nuna. Ubangiji kuma a Matiyu 18 ya ce a fara samun ɗan'uwa a kaɗaice. Manzo Bulus, sa'ad da ya kira dattawan Afisa zuwa Militas a Ayyukan Manzanni 20, ya tuna musu bai ɓoye musu kome daga nufin Allah ba, amma ya ce shekara uku ya yi yana gargaɗinsu da hawaye, kuma bai yi ƙyashin azurfar kowa ko tufarsa ba, da hannunsa ya nemi abincinsa. In gargaɗinka ba ya yi maka ciwo kai ma, ka dakata ka bincike kanka. Maganin habaici kuwa da na samu shi ne bin littafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. In kana bin wasiƙar Yakubu mako mako, ran da ka iso inda ake maganar hana ma'aikatan gona hakkinsu, ba mai cewa don shi ka zaɓo, kai ma ba ka da hanyar tsallakewa.

Yanzu gare ku, jama'a. Ayyukan Manzanni 17:11 ta yaba wa mutanen Biriya domin sun karɓi magana da marmari, suna kuma bin Littattafai kowace rana su ga ko abin da aka faɗa musu haka yake. Bulus ne fa yake musu wa'azi, duk da haka suka auna shi, aka kuwa yaba musu. In an auna Bulus, wane ne ni? Wane ne kuma mutumin da kuke ji a rediyo ko a waya, mai cewa ku aiko kuɗin shuka iri ku girbe mota, ko mai sayar da mai da ruwa wai na warkarwa? Da sunan Yesu yake magana, haka ma 400 ɗin Ahab da sunan Ubangiji suka yi. Fastonku ba ya tare da ku sa'ad da kuke sauraronsa a ɗaki. Abin da kuka karanta da kanku ne kaɗai zai tsare ku.

Ba mu da hujjar cewa babu Littafin. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha wahalarsa shekaru da yawa. Aka sake sabuwar fassara a 1979, wadda yawancinmu muka tashi da ita. Kabilu da yawa a ƙasar nan da na Hausa suka yi sujada shekara da shekaru kafin su sami nasu. Yau wanda idonsa ya raunana ko bai iya karatu ba, jikansa zai iya sa masa a waya ya saurara. Amma ku shiga gidajenmu ku gani: Littafin yana cikin akwati tare da kayan Lahadi. Maƙwabtanmu Musulmi kuwa da asuba za ka ji yaransu suna karatu. Ba don gasa na faɗa ba, sai don mu ji kunya irin mai amfani.

Littafi Mai Tsarki littattafai 66 ne, surori 1,189. Mai karanta sura uku ko huɗu a rana zai gama a shekara. Amma ban ce kowa ya fara da wannan ba, na ga mutane da yawa sun ɗauko da zafi a Janairu sun tsaya a Littafin Firistoci. Ka ɗauki Markus, surori 16 ne. Sura ɗaya a rana, ko rabi, kafin ka tafi gona ko bayan an ci tuwon dare. Ka yi addu'a kafin ka buɗe. Kada ka tsinci aya ɗaya ka gudu da ita, ka karanta abin da yake gabanta da bayanta, ka tambayi kanka wa yake magana, da wa yake yi, me ya sa. Inda ba ka gane ba ka sa alama ka kawo wa fasto, kamar yadda tsohuwar nan ta yi. In ya ce zai bincika ya dawo maka, kada ka rena shi, wannan ya fi wanda zai ƙaga maka amsa. In kuwa duk abin da kake karantawa laifin maƙwabcinka kake gani a ciki, ka koma ka sake karantawa a hankali.

Iyayena dattawa, ku ne kuke riƙe da ma'ajin ikilisiya, kuma sau da yawa ku ne kuke rubuta wa hukumar gunduma a ɗauke fasto ko a bar shi. Ina roƙonku kada albashi ya zama linzami. In mai wa'azinku ya faɗi abin da ya sosa muku rai, kafin ku kira taro a kansa ku buɗe wurin da ya karanta ku duba. In ba ya ciki, ku kira shi ku gyara masa, hakkinku ne, ni ma an gyara mini ba sau ɗaya ba. In kuwa yana ciki, to, ba da shi kuke jayayya ba.

Yau da dare ina so kowa ya karanta Nehemiya 5 shi kaɗai, har aya ta 19, ya lura da abin da Nehemiya ya faɗa game da kansa da kuma abincin da ya ƙi karɓa shekara goma sha biyu yana gwamna. Gobe da safe bayan addu'a za mu rabu ƙungiya ƙungiya, dattawa daban, masu wa'azi daban, kowa ya faɗi abin da ya gani. Bari mu sunkuyar da kai mu yi addu'a.