Awon Talauci Ya Wuce Lissafin Kuɗi



Da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta auna talauci da abin da mutum yake kashewa a shekara, a bincikenta na 2018 zuwa 2019, kashi 40 cikin ɗari ta samu matalauta; amma da ta sake hisabi a 2022, ta duba lafiyar iyali, da karatun yara, da ruwan sha, da abin da ake hura wutar girki da shi, da aikin yi, da aminci, sai adadin ya kai kashi 63, wato mutum miliyan 133, alhali kuwa a Jihar Sakkwato ya kai kashi 91.

Lalle wannan mizani na biyu ya fi kusa da adalci, domin manomin da ya sayar da amfaninsa ya riƙe kuɗi, matuƙar asibiti ya yi wa matarsa mai naƙuda nisa, kuma 'ya'yansa ba su san ƙofar makaranta ba, ba mai hankalin da zai kira shi mawadaci.

Muna roƙon gwamnoninmu su dubi waɗannan alƙaluma kafin su tsara kasafin baɗi.