Halaye Uku Na Abubuwan Asali

Jama'a, ku kasa kunne. Masana sun bincika, sun tarar duk abin da muke gani, ko dutse, ko itace, ko jikin mutum, daga waɗansu abubuwa na asali aka harhaɗa shi. Waɗanda aka sani guda 118 ne. Kun san waɗansunsu, kamar su zinariya, da azurfa, da darma, da farar wuta.

To, abin asali yakan kasance cikin ɗayan halaye uku: ko daskararre, ko ruwa-ruwa, ko iska. Zafi ne ke sauya masa hali. Ku dubi man shanu, ko da yake shi ba na asali ba ne. Da hunturu ya daskare, da bazara ya narke, alhali kuwa man nan ɗaya ne.

Akwai ma'aunin zafi wanda ruwa ke daskarewa a kan lamba 0, ya tafasa a kan 100. Masana suka ɗauki wajen 25, suka ce shi ne zafin ɗaki. A wannan zafi, 11 daga cikin abubuwan nan iska ne. Biyu daga cikinsu, watau naitirojin da oksijin, su ne galibin iskar da muke shaƙa, na fari kashi 78 cikin ɗari, na biyu kashi 21. Guda 2 kaɗai ne ruwa-ruwa: zaiba, da wani jan ruwa mai wari, ana ce da shi buromin. Galibin saura daskararru ne. Darma ba ta narkewa sai zafi ya kai 327, baƙin ƙarfe kuwa sai 1538.

Ga abin mamaki. Wani Bafaranshe ya gano wani ƙarfe a shekarar 1875, aka sa masa suna galiyam. Shi a wajen 30 yake narkewa. A ɗakin Ingila da sanyi daskararre ne, amma a Sakkwato da bazara sai ya malale kamar ruwa.

Saura gargaɗi. Zaiba ko ba a ɗora ta a wuta ba, tana tashi kaɗan-kaɗan ta shiga iska, ba a gani, ba a jin wari. Tururin nan dafi ne, yana ɓata ƙwaƙwalwa da ƙoda, yana sa hannu makyarkyata. Masu tace zinariya da ita, kada ku ƙona ta cikin gida, kada ku bar ta a buɗe inda yara ke kwana. Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba.