Gonar Da Ba Za A Yanka Fuloti Ba

 Yau za mu ba ku labarin waɗansu makiyaya a ƙasar Amurka da dabarar da suka yi don kada gonakinsu su ƙare a hannun masu gine-gine.

Wurin shi ne gundumar Marin, a jihar Kalifoniya, arewa da babban birnin San Faransisko. Yammacin gundumar tuddai ne masu ciyawa a bakin teku, inda iyalai suka daɗe suna kiwon shanun madara da tumaki. A shekarar 1937 aka buɗe gadar Golden Gate, wadda ta haɗa su da birnin. Tun daga nan mutanen birni suka fara sha'awar wurin, kuɗin fili ya yi ta hawa. Wajen shekarun 1960 har an yi shirin shimfiɗa manyan tituna da gina gidajen mutane sama da 100,000 a ƙasar kiwon nan.

Ku duba halin da manomi yake shiga a irin wannan lokaci. Abin da gona take kawowa a shekara kaɗan ne, amma mai son gini yana tsaye a ƙofa da kuɗi masu yawa. Idan maigida ya rasu, 'ya'ya huɗu suka gāji gona, ɗaya ne kawai yake so ya ci gaba da kiwo, da me zai biya sauran ukun rabonsu? Dole a sayar.

A 1972 hukumar gundumar ta kafa doka cewa a yankin noma ba za a gina fiye da gida ɗaya a kan eka 60 ba. Dokar ta taimaka, amma kowa ya san waɗanda aka zaɓa gobe suna iya soke abin da na yau suka kafa. Makiyaya da yawa kuma suka ji haushi, don an rage darajar filinsu ba a ba su ko kwabo ba.

Sai mata biyu suka sa kai. Ɗaya Ellen Straus, ita da mijinta masu kiwon shanun madara ne. Ɗaya kuma Phyllis Faber, masaniyar tsire-tsire ce mai ƙaunar fadamu da halittun cikinsu. A lokacin makiyaya da masu kare namun daji ba sa ga maciji da juna. Matan nan suka lura cewa idan gona ta zama unguwa, saniya da tsuntsu duk sun rasa wurin zama. A 1980 suka tara mutanen ɓangarorin biyu, aka kafa ƙungiyar riƙon amanar ƙasar noma, mai suna Marin Agricultural Land Trust, a taƙaice MALT. Ita ce ta farko a Amurka da aka kafa musamman domin tsare gonaki.

Ga yadda aikin yake tafiya. Mai gona yana da iko iri-iri a kan gonarsa: ikon noma, ikon kiwo, ikon sayarwa, ikon barin gado, da ikon yanka ta fuloti-fuloti a yi gini. Ƙungiyar tana sayen na ƙarshen nan kaɗai. Masu ƙiyasi sukan faɗi kuɗin gonar idan za a sayar wa mai gini, su kuma faɗi kuɗinta idan noma kawai za a yi a ciki. Bambancin da ke tsakani shi ake biyan manomi. Sa'an nan a rubuta yarjejeniya, a shigar da ita cikin takardun filin a ofishin gunduma. Gonar tana nan a hannun mai ita, yana iya sayar da ita ko ya bar wa 'ya'yansa, amma duk wanda ya karɓe ta, sharaɗin yana binsa har abada. Ba a tilasta wa kowa shiga. Da kuɗin nan wani yakan biya bashi, wani ya sallami 'yan'uwansa magada, wani ya gyara garkensa.

Kuɗin kuwa daga gudummawar jama'a yake fitowa, da kuma taimakon gwamnati. A 2012 mutanen gundumar suka jefa ƙuri'a suka yarda a ƙara musu ɗan haraji a kan sayayya, a ware wani kashi domin tsare gonaki. Ta haka ƙungiyar ta tsare fiye da eka 50,000.

Bayan sa hannu, ma'aikatan ƙungiyar sukan ziyarci kowace gona duk shekara su ga ko ana kiyaye alkawari. Suna kuma taimaka wa makiyayi ya kewaye bakin rafi da shinge, ya dasa itatuwa a gaɓa, ya kai wa shanu ruwa a kwami nesa da rafin. Idan shanu suka daina tattake gaɓa, zaizaya takan ragu, ruwa ya yi sanyi ya yi tsabta, kifin salmon da ke hawowa daga teku ya sami wurin yin ƙwai. Akwai kuma wani kwaɗo mai jan ƙafa da gwamnati ta sa cikin jerin halittun da ke cikin haɗari a 1996, wanda yake hayayyafa a tafkunan da makiyaya suka haƙa wa shanunsu.

Dabarar tana da iyakarta. Tana cin kuɗi sosai, kuma wanda yake da gona ne take taimaka wa, ba ta ba matashin da ba shi da fili ko taki ɗaya. Dokokinmu ma dabam suke. A Nijeriya, dokar filaye ta 1978 ta ɗora riƙon ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, saboda haka ba za mu kwaso tsarinsu yadda yake ba.

Amma matsalar kam mun san ta. Duk inda gari yake faɗaɗa ko sabon titi ya ratsa, mun ga dillalan fili suna bin gidaje. Kuɗin fuloti yakan ƙare cikin shekara ɗaya ko biyu, gonar da aka zuba wa siminti kuwa ba ta sāke ba da dawa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Kowane maigida ya tara 'ya'yansa, maza da mata, tun yana da rai, a yi maganar gona a fili. Kowane ƙauye ya zauna da mai unguwa da dattawa, har da makiyayan da ke maƙwabtaka da mu, a yarda a kan fadama, kurmi, bakin rafi da burtalin da ba za a taɓa ba. Abin da aka yarda kuma a rubuta shi, shaidu su sa hannu, a kai kwafi wurin hakimi da ƙaramar hukuma. Wanda yake da tambaya ya same mu bayan taro.