Ranar da ɗana ya ga harshensa

An ce in yi magana a kan lafiyar yara, sai na zaɓi tsamin baki, domin ya shigo har cikin gidana.

Ɗana na biyu ya kai shekara 7 yana ce wa kaza “taza”, kifi kuma “tifi”, alhali yawancin yara kan wuce wannan wajen shekara 4. Ni da nake likita na yi ta ce masa, “Ɗaga bayan harshenka,” shi kuwa sai ido. Da gaskiyarsa. Ana yin “t” da kan harshe a bayan haƙoran sama, “k” kuwa can ciki ne, inda bayan harshe ke tashi ya taɓa ganɗa. Madubi ba ya kaiwa can.

Mai gyaran maganar da aka tura mu wurinta ta ɗauko na'urar sikanin, irin wadda ake duba juna biyu da ita. Ta shafa man nan mai sanyi, ta kafa na'urar a ƙarƙashin haɓarta. Sai ga harshe a allo, wani farin layi yana motsi. Ta ce “k”, ya ga tudu ya tashi a baya. Aka sa masa, ya ga nasa ta gaba yake tashi. Daga nan abin ya zama wasan neman tudu. Sautin bai daɗe ba ya fito, amma kafin ya zauna a cikin hira sai da muka yi watanni muna bita a gida.

Ba allura, ba zafi. Masu bincike a jami'o'in Queen Margaret da Strathclyde a Sikotland sun daɗe suna aiki a kan wannan hanya. Sai dai ba kowane asibiti ke da ita ba, inuwar ƙashin muƙamuƙi kan ɓoye kan harshe, kuma ba maganin i'ina ba ce.

Abin da ke damuna shi ne iyayen da ke daina Hausa a gida, wai ita ke rikita yaro. Jin harsuna biyu ba ya kawo tsamin baki. Ɗana kuskure ɗaya yake yi a Hausa da Turanci, kuma da ya gyaru, duka biyun suka gyaru. In yaronku ya shiga makaranta har yanzu baƙi ba sa gane maganarsa, ku ga likitanku a fara auna jinsa, sannan ku nemi a tura ku wurin masu gyaran magana. Can ku tambaya ko suna da sikanin harshe.