Hoton da Ya Ƙirga Orka

Yau shirin namu zai leƙa gaɓar tekun Fasifik a yammacin Kanada, wurin wata ƙatuwar dabbar ruwa da ake kira orka. Baƙa ce, cikinta fari fat. Siffarta ta kifi ce, amma iska take shaƙa, kuma nono take ba 'ya'yanta.

A shekarun 1960 an yi ta kama orka a wannan yanki ana sayar wa gidajen kallo, bisa zaton cewa dubbai ne a teku. To, wa ya ƙirga? Dabbar da ke fitowa na ɗan lokaci ta koma ƙasa, yaya za a san ba ita aka gani jiya ba?

Wani masani ɗan Kanada, Michael Bigg, shi ya warware wannan a farkon shekarun 1970. Ya lura fiffiken da ke tsaye a gadon bayan kowace orka yana da nasa fasali: wani da tsaga, wani da lanƙwasa. A bayansa kuma akwai tabo mai ruwan toka da ya bambanta daga wannan zuwa waccan. Sai ya shiga ɗaukar su hoto, yawanci ta ɓangaren hagu, yana ba kowace harafi da lamba. Yadda makiyayi ke sanin kowace saniya a garkensa, haka Bigg da abokan aikinsa suka san su ɗaya bayan ɗaya. Da aka gama lissafi, 'yan ɗaruruwa ne kawai. A 1976 aka daina kama su a jihar Washington ta Amurka mai maƙwabtaka da yankin.

Hotunan sun tona wani abin mamaki. Akwai orka masu cin kifi, musamman salmon, akwai kuma masu farautar dabbobin ruwa masu shayarwa, kuma ba sa cuɗanya. A cikin masu cin kifin, ɗa ba ya rabuwa da uwarsa muddin tana raye, ko da ya girma ya fi ta.

Bigg ya rasu a 1990, amma ƙidayar ba ta tsaya ba. Garkunan orka na kudancin yankin da ake kira J da K da L, yau duka-duka ba su kai 80 ba, kuma kowace an san ta da lambarta.