Zuciyar Alade a Ƙirjin Mutum: Me Ake Nema a Jini?



A farkon shekarar 2022, likitoci a Jami'ar Maryland ta Amurka suka dasa wa wani mutum, David Bennett, zuciyar alade. Ya yi wata biyu da ita, sannan ya rasu. A jininsa an ga alamar wata ƙwayar cuta ta aladu, wadda ta tsallake binciken da aka yi wa dabbar.

Batun halaccin irin wannan dashe, wannan na malamai ne. Namu yau shi ne gwaji.

Kowace halitta tana da rubutun gadonta, wato DNA. Na alade daban, na mutum daban. Sai a ɗebi jinin majiyyaci, a nemi na aladen da gwajin PCR, wanda kuka sani lokacin korona. In ya yi yawa, alama ce zuciyar na shan wahala.

To, ga inda gizo ke saƙar. Akwai ƙwayoyin cutar da ke saƙe cikin gadon alade tun asali. In gwaji ya gan su, sai a tambaya: sun kama mutumin ne? Ko ƙwayoyin jikin aladen ne kawai ke yawo a jininsa? In sun kama shi, iyalinsa da ma'aikatan jinya na iya shiga haɗari. In yawo ne kawai, da sauƙi.

A ganina, asibitin da ba zai iya bambance biyun nan ba, kada ya taɓa wannan aiki.